KUƊIN AIKE: DAGA TASHAR JEGA ZUWA ƘOFAR MAI SAYE



An nemi mu yi magana a kan wani al'amari wanda a ganin wasu bai kai a tara jama'a dominsa ba, watau kuɗin da ƙaramin ɗan kasuwa mai sayar da kaya ta intanet yake ɗora wa mai saye saboda aika masa da kayansa. Mun amsa wannan kira da farin ciki, domin kuwa duk wanda ya duba ɗakunan kwanan ɗalibai a nan Aliero, ko ya leƙa ofisoshin ƙananan hukumomin Jega da Maiyama, zai tarar da cewa ciniki ta waya ya zama sana'a ta biyu ga da yawa daga cikinmu. Wannan tana sayar da atamfa da mayafai a WhatsApp, wancan yana tallar huluna da takalma a Facebook, wata kuma turaren wuta da humra a Instagram. Jarin da ake juyawa kuwa sau da yawa ragowar kuɗin makaranta ne, ko adashin uwa, ko wani ɗan abu da aka tsakura daga albashi. Irin wannan jari ba ya jure yoyo, ga shi kuwa babu kafar da ya fi zurarewa ta cikinta kamar kuɗin aike.

Abin da muke so mu tabbatar a wannan zama abu ɗaya ne. Yawancinmu muna yanke kuɗin aike bisa nisan gari, alhali kuwa abin da ke cin kuɗi shi ne yawan hannuwan da kaya za su ratsa kafin su isa. Wanda ya ƙidaya kilomita ya manta da hannuwa, to zai wayi gari yana ciniki kullum, waya na ta ƙara, amma uwar kuɗi na ƙanƙancewa, shi kuwa bai san dalili ba.

Kafin mu shiga lissafi, ya kamata mu tuna a wace ƙasa muke zaune. Garin Jega, wanda Buhari ɗan Malam Abdussalami ya kafa a wajejen shekarar 1820 a bakin gulbin Zamfara, ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya tun ƙarni na goma sha tara, kuma zango ne a kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato da jakuna da takarkarai, ɗauke da tufafi da kanwa da fatu, ya yada zango a Jega, sa'an nan ya nufi Kwara ya ƙetare, ya ratsa ƙasar Bargu har ya dangana da kasuwar Salaga. Tafiya ce ta watanni, zuwa da komowa. Madugu, wanda shi ne shugaban ayari, babban aikinsa shi ne sanin abin da za a biya a kowane masauki: kuɗin fito a bakin ruwa, gaisuwar sarkin da za a ratsa ƙasarsa, ladan masu rakiya inda ake tsoron 'yan fashi, abincin dabbobi, da haƙƙin fatoma, watau mai masaukin da zai karɓi baƙo ya nemo masa mai saye. Goron ma da kansa yana da nasa hidima, domin sai an riƙa kwance huhu ana tsince wanda ya lalace, ana sake ganye ana yayyafa ruwa, in ba haka ba a iso gida da asara. Saboda haka farke ba ya tambayar zango nawa ne tsakanin Jega da Gwanja kaɗai. Yana tambaya ne sarki nawa za a gaisar, kogi nawa za a ƙetare, sau nawa za a sauke kaya a sake ɗaurawa. Da wannan lissafi ne ake yanke farashin ƙwarya ɗaya ta goro a kasuwar Kurmi. Mutanen da ba su taɓa shiga ajin ilmin tattalin arziki ba sun riƙe wannan ƙa'ida da ka, mu kuwa da muke da na'urar lissafi a aljihu mun bar ta ta sulluɓe mana.

To, bari mu bi ƙunshin kaya ɗaya na zamaninmu, mu ga hannu nawa zai taɓa shi. Mu ƙaddara wata ɗaliba ce da gidansu yake Jiga Maƙera, ta sa hoton turmin atamfa a waya, wata mata a Kano ta gani ta ce tana so. Lambobin da za mu ambata na misali ne kawai, kowa ya cire su ya sa waɗanda ya tarar a tasharsu. Da farko sai an sayi leda mai kauri da salatif an naɗe kayan, a ce naira 300. Sa'an nan ɗan kabu-kabu ya kai ta tashar Jega ya komo da ita, ko ya kai saƙon shi kaɗai, a ce naira 1,000. A tasha direba zai karɓi nasa, a ce naira 2,000, ɗan kamasho da ya haɗa su kuma ba zai tafi hannu sake ba, a ce naira 200. Za a kira direba a waya a ji ko ya tashi, a sake kira a ji ko ya wuce Gusau, a kira mai kaya a ba ta lambarsa, ga kuma abin da mai POS zai cire sa'ad da aka je karɓar kuɗin a hannu. A haɗa waɗannan a ce naira 300. Jimla naira 3,800 ke nan, tun kafin kayan su bar tashar Kano zuwa unguwar mai saye. Amma idan aka tambayi 'yar'uwarmu nawa ne kuɗin aike, sai ta ce dubu biyu, saboda abin da ta ga ta miƙa wa direba shi kaɗai ta riƙe a zuciya. Idan ribar da ta ɗora a kan turmin naira 1,500 ce, to ta yi cinikin nan ne da faɗuwar naira 300, tana kuwa murna ta sami kasuwa a Kano.

Yanzu mu juya misalin. A ce mai sayen ba a Kano take ba, tana wani ƙauye ne a cikin ƙasar Maiyama, can gefe da babban titin da ya nufi Koko. A taswira wannan wuri maƙwabcinmu ne, ko kashi ɗaya cikin goma na nisan Kano bai kai ba. Amma babu motar da ke tashi daga Jega kai tsaye zuwa can. Sai an ba direban da zai sauke a Maiyama ko a wata mararraba, a sami wani amintacce mai shago ya ajiye, sa'an nan a nemi mai babur da zai shiga da shi ta hanyar burji, wanda kuwa zai caji kuɗin zuwa da komowa domin ba shi da tabbacin samun fasinja a dawowa. Idan damina ce kuma rafi ya kawo, sai abin da ya ce. Ba abin mamaki ba ne aike zuwa wannan ƙauye ya yi daidai da na Kano, ko ma ya fi shi. Mai sayarwa kuwa kunya za ta hana ta faɗi haka, domin mai saye za ta ce, “Haba 'yar'uwa, nan da nan ɗin?” Sai ta rage, ta cika daga aljihunta.

Wannan abu da muke faɗi an daɗe da gano shi a wata ƙasa, kuma gano shi ne ya haifi gidan waya irin wanda muka sani. A Ingila, kafin shekarar 1840, ana cajin wasiƙa ne bisa nisan tafiya da yawan fallayen takarda, kuma galibi wanda aka aika wa shi ke biya. Wasiƙa daga London zuwa Edinbara takan ci fiye da sule ɗaya, talaka kuwa sau da yawa yakan dubi wasiƙar ya ce a mayar, ba shi da abin biya. Sai wani malamin makaranta mai suna Rowland Hill ya zauna ya yi lissafi, ya buga shi a 1837, inda ya nuna cewa ainihin kuɗin ɗaukar wasiƙa ɗaya tsakanin waɗannan birane biyu bai wuce kashi ɗaya cikin 36 na kwabo ba. Sauran kuɗin duk yana tafiya ne wajen karɓa, da rubutawa a littafi, da auna nisa, da bin mutane gida gida ana karɓar biya. Da hukuma ta gamsu, sai a 1840 aka mai da kuɗin wasiƙa kwabo ɗaya zuwa ko'ina a cikin ƙasar, mai aikawa ya biya tun farko, aka kuma fito da kan sarki domin shaidar biya.

Sai dai a nan akwai tarko, kuma muna roƙon 'yan'uwa su lura. Gidan wayar Ingila ya iya yanke kuɗi ɗaya ga kowa ne saboda yana ɗaukar miliyoyin wasiƙu, ta yadda ribar na kusa take rufe faɗuwar na lungu. Mai aika ƙunshi goma a wata ba shi da wannan gata. Idan ya ce kuɗin aikensa ɗaya ne zuwa ko'ina a Nijeriya, to ranar da mutum uku suka yi oda daga wuraren da sai an canja mota sau biyu, ribar watan ta tafi. Darasin da ya dace da mu daga wannan labari shi ne na farkon, watau a ƙidaya hidima, a kuma karɓi kuɗi kafin kaya su tashi.

Wannan ya kawo mu ga kalmar da ta fi kowace ɓarna a wannan sana'a, watau “aike kyauta”. Mun gan ta a tallar manyan kamfanoni, sai muka ɗauka ado ne da kowane shago zai iya yafawa. Kamfanin Amazon na Amurka, sa'ad da ya fito da tsarinsa na Prime a 2005, sai da ya sa mutane biyan dala 79 a shekara kafin a riƙa kai musu kaya ba tare da ƙarin caji ba. Ashe kyautar an riga an biya ta. Jumia kuwa, wanda aka kafa a Legas a 2012, ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2019, kuma shekara da shekaru rahotanninsa na nuna faɗuwa, masu zuba jari na ƙasashen waje suna cike giɓin da fatan riba nan gaba. Ɗalibin da ke Aliero wa zai cike masa giɓi? Kowa ya daka ta Badau, sai ya kwan da yunwa. Direba ba ya tuƙi kyauta, gidan mai ba ya ba da fetur kyauta, saboda haka duk inda aka rubuta kyauta, ko dai an cusa kuɗin a cikin farashin kaya, ko kuwa mai shago ne yake biya daga jarinsa. Na farkon ba laifi ba ne idan ribar kayan tana da kauri, kamar turare mai tsada wanda kwalbarsa ba ta cika tafin hannu ba, ko idan an gindaya sharaɗi cewa sai ciniki ya kai wani adadi, bayan an yi lissafi an ga ribar wannan adadi ta haɗiye kuɗin mota ta bar saura. Na biyun kuwa sadaka ce da ba a yi niyya ba.

Abin da muke ganin ya fi dacewa da mai ƙaramin shago a wannan yanki shi ne ya raba ƙasa gida uku, bisa yadda motoci ke tafiya daga Jega. Allah ya yi wa Jega baiwar zama mararraba: hanya ɗaya ta bi ta Tambuwal zuwa Sakkwato, ɗaya ta nufi Birnin Kebbi, ɗaya kuma ta gangara Koko da Yawuri da Kwantagora har zuwa ƙasar Yarbawa. Kashi na farko shi ne garuruwan da mutum zai kai da kansa ko ya aiki ɗan kabu-kabu ya dawo kafin azahar. Na biyu shi ne duk garin da mota ɗaya za ta ɗauka daga tasha ta sauke a tasharsa, kusa ne ko nesa. Na uku shi ne inda sai an sauke an sake ɗorawa, kuma wannan kashi bai kamata a yanke masa kuɗi a takarda ba sam. A rubuta cewa sai an tambaya, a je tasha a ji, sa'an nan a faɗa wa mai saye. Wanda ya yi haka zai ga wani abin ban dariya a jadawalinsa, domin babban birni mai nisa zai faɗa kashi na biyu, ƙauyen da ake jin kiran sallarsa in iska ta kaɗo kuma ya faɗa na uku. Kada ya gyara, haka abin yake.

A cikin kowane kashi kuma sai an dubi kayan kansu. Sunan Jiga Maƙera ya isa ya tuna mana da ƙira, to mu ɗauki misali daga can. Mai sayar da fartanya da lauje da galma kayansa na da nauyi amma ba su cin wuri. Mai sayar da faifai da kwando da malafa kuwa kayansa ba nauyi, amma kwali ɗaya zai cinye mazaunin mutum guda a bayan mota. Direban tasha ba shi da sikeli, da ido yake awo, kuma abin da yake aunawa shi ne fasinja nawa ko buhu nawa wannan kaya zai hana shi ɗauka. Manyan kamfanonin aike irin su DHL sun mai da wannan hankali na direba ƙa'idar lissafi: a auna tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa da santimita, a ninka su, a raba da 5,000, abin da ya fito shi ne nauyin da za a caja idan ya fi nauyin sikeli. Kwali mai santimita 50 da 40 da 30 zai tashi kilo 12 ke nan, ko da huluna ne a ciki waɗanda ba su kai kilo uku ba. Saboda haka wanda ya iya naɗi ya rage wa kansa kuɗi. A cire iska daga leda, a jera huluna ɗaya cikin ɗaya, a daina neman ƙaton kwali saboda a burge mai saye.

Wani zai ce, ai ga manyan motocin albasa suna tashi daga Aliero zuwa kudu a lokacin kaka, me zai hana a liƙa musu saƙo da araha? Ana yi, kuma ga busasshen kaya mai jure wahala kamar buhun shinkafa dabara ce mai kyau. Amma babbar mota ba ta da ranar isa, tana sauka ne a kasuwar albasa wadda sau da yawa take bayan gari, kuma duk wanda ya taɓa ajiye tufa kusa da buhun albasa kwana uku ya san abin da amarya za ta ce idan ta buɗe lefenta.

Sai maganar man fetur, wadda ba sai mun daɗe a kanta ba domin kowa ya ji a jikinsa. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafi, farashin hukuma na lita ɗaya bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya koma wajen naira 500, a watan Oktoba 2024 kuwa ya haura naira 1,000. Duk wanda ya rubuta kuɗin aikensa a shafi ya bar shi wata shida bai waiwaya ba a wancan lokaci, to ya yi wa masu saye hidima da dukiyarsa. Maganin abin mai sauƙi ne: kowane jadawali a sa masa kwanan wata, a kuma koma tasha a farkon kowane wata a sake tambaya. Haka nan a gabanin salla, sa'ad da fasinja suka yi yawa, direba ba ya marmarin saƙo, sai ya tsawwala.

Yanzu bari mu zo ga wurin da zumunci ke ɓaci, watau idan kaya suka ɓace ko suka lalace a hanya. Wa zai ɗauki asara? Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun tattauna wannan tun da daɗewa a babin ijara. Asalin hukunci a wurinsu shi ne wanda aka ɗauka haya ya kai kaya amintacce ne, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka; amma sun ware mai dakon abinci, suka ce shi yana lamuni idan babu shaidar cewa abin ya halaka ba da hannunsa ba, saboda abinci abu ne da hannu ke saurin kai wa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garuruwan nan, an nuna cewa mai jirgin ruwa ba ya cin ladansa sai ya isar da kaya. Mun kawo wannan ne domin a ga cewa magabata ba su bar al'amarin dako a hannun “Allah ya kiyaye” kaɗai ba, sun zauna sun fayyace wa ke da alhakin me. Tafsilin hukuncin kuwa na malamai ne, ga su nan zaune a gabanmu.

Ta fuskar kasuwanci, abin da muka lura shi ne mai saye ba ruwansa da direba. Shagon da ya tura wa kuɗi shi ya sani, kuma sunan shagon zai ɓata a dandali idan kaya ba su zo ba. Direba kuma, in an yi sa'a ya amsa laifi, da wuya ya biya cikakken kuɗi. Shugabannin tasha za su shiga tsakani, a ba da haƙuri, a raba asara. Saboda haka wajibi ne kuɗin aike ya ƙunshi wani ɗan kaso na ajiya. Lissafinsa ba wuya. Mutum ya duba littafinsa, in ya ga a cikin ƙunshi 20 ɗaya kan salwanta ko ya lalace, kuma ƙunshi ɗaya ya kai naira 20,000, to kowane ƙunshi sai ya ɗauki naira 1,000 ta ajiya. In a cikin 100 ne ake rasa ɗaya, naira 200 ta isa. Amma wannan lissafi sai mai littafi, shi ya sa muke cewa littafin naira ɗari biyu da biro sun fi wa mai shago amfani a kan sabuwar waya. A rubuta ranar aike, da lambar mota, da lambar direba, da abin da aka biya, da ranar da kaya suka isa. A kuma ba da saƙo ta hannun ofishin 'yan ƙungiyar direbobi a cikin tasha, inda za a san motar da mai ita, ko da ya fi tsada da ɗan abu kaɗan a kan tare mota a bakin titi.

Game da tsarin nan na “sai kaya sun iso a biya”, ra'ayinmu a fili yake. Mun san dalilinsa: an cuci mutane da yawa a intanet, sun tura kuɗi an rufe waya, saboda haka suna tsoro, kuma suna da gaskiya. Amma idan mai saye ya ga kaya ya ce launin bai yi masa ba, ko ya ƙi ɗaukar waya, mai shago zai biya mota sau biyu, zuwa da dawowa, a kan cinikin da bai faru ba. Wannan shi ne ainihin ciwon da ya addabi gidan wayar Ingila kafin 1840. Matsakaiciyar hanya ita ce mai saye ya biya kuɗin aike tun farko, ko da za a jinkirta kuɗin kaya ga wanda aka saba da shi. Wanda ya ƙi biyan kuɗin mota, da ma bai yi niyyar saye ba.

Kada a ce mun tsaya wa masu sayarwa kaɗai, domin rabin waɗanda ke wannan ɗaki masu saye ne, musamman 'yan'uwanmu sababbin ma'aikata. A watan Yuli 2024 aka sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000. Ga mai irin wannan albashi, kuɗin aike na naira 3,500 kashi ɗaya ne cikin 20 na guminsa na wata. Yana da haƙƙin ya san wannan adadi kafin ya ce ya saya. Akwai wata mummunar ɗabi'a da ta yaɗu, inda ake sa farashi mai rahusa a hoto domin jan hankali, sai an gama ciniki an tura kuɗi sa'an nan a ce saura na mota, a faɗi abin da ya ninka gaskiya. Wasu kuma sukan bar maganar a buɗe, su ce “ku daidaita da direba in ya iso”, sai direba ya riƙe kaya a tasha ya yanka abin da ya ga dama, mai saye ba shi da mafita. A shari'a, sharaɗi ne a san farashi a ciniki, a kuma san lada a ijara, jahiltarsu garari ne da ke ɓata ƙulli. Dokar ƙasa ta kare haƙƙin masu saye, wadda aka sa wa hannu a 2019, ita ma ta wajabta bayyana farashi. Ko babu waɗannan, hankali ya isa ya nuna cewa wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba zai dawo ba, kuma zai gaya wa 'yan ofishinsu. A rubuta kuɗin kaya daban, na aike daban, a faɗi ko zuwa tasha ne ko zuwa ƙofar gida. Wannan bambanci na ƙarshe ba ƙarami ba ne a ƙasar da adireshi yake “bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi”, inda mai babur zai yi kira uku kafin ya gane gidan, kuma a babban birni wannan 'yar tafiya ta ƙarshe tana iya kusan kai abin da aka biya daga Jega.

Akwai hanya ɗaya ta rage kuɗin nan ba tare da an cuci kowa ba, kuma ita ce dabarar ayari. A lissafin da muka yi ɗazu, naira 1,000 ta kabu-kabu da naira 200 ta kamasho ba sa ƙaruwa sosai don ƙunshi ya zama biyar. Idan ɗalibai biyar masu shago suka yarda cewa ranar kasuwar Jega, sa'ad da motoci suka fi yawa, ita ce ranar aike, mutum ɗaya ya tattara ya kai tasha, to naira 1,200 ta koma 240 a kan kowa. Idan kuma uku daga ciki Kano za su, a sa su a buhu ɗaya a yi ciniki da direba a kan buhu, a can kuma a sami mutum ɗaya amintacce, irin fatoman da, ya karɓa ya rarraba a ba shi ladansa sananne. Abin da za a rasa shi ne gaggawa, domin mai saye zai jira ranar aike. To sai a gaya masa tun farko: ga kuɗin aiken ranar ayari, ga kuma na wanda yake so a tashi mota dominsa yau, ya zaɓa. Muna ba ƙungiyar ɗalibai shawara ta duba ko za ta ware wani ɗan ɗaki kusa da ƙofar makaranta inda za a riƙa tara irin waɗannan saƙonni, da littafi guda da sikeli guda, a gwada na zango ɗaya a ga abin da lissafi zai nuna.

Shugaban taro, mun ga an ɗaga mana hannu cewa lokaci ya cika. Akwai direbobi biyu da aka gayyato daga tasha suna zaune a baya, kuma mun fi so a fara ba su dama su gyara mana lambobin da muka kawo kafin a shiga tambayoyi.